Rayuwar Inna Mai Ninki, Tela Mai Haɗa Aure

Ga ta nan, ga ta nanku. Ta zo mu ji ta, ko da yake wannan a gaban idon mutane ta faru.

Haihuwa da Karatu

An haifi marigayiya, wadda aka fi sani da Inna Mai Ninki, a shekarar 1941, a wani gari mai tashar jirgin ƙasa, a ɗakin da ke bayan shagon mahaifinta wanda tela ne, mahaifiyarta kuwa ungozoma. Ta yi firamare daga 1948 zuwa 1954, sannan ta zauna a gindin keken ɗinki, inda ta koyi awo da yanka, ta kuma koyi kallon mutane, ilimin da ya fi amfanarta.

Aure

A shekarar 1963 mahaifinta ya zaɓa mata wani mai gyaran agogo, mutum mai ƙarancin magana, ya kuma nemi ra'ayinta. Ranar da mutumin ya zo shagon, sai ta miƙa masa gefen wani tsohon labule su ninke tare. Gefuna suka ƙi haɗuwa. Bai ce ita ta ja da yawa ba, sai ya sassauta hannu ya ce, "A sake." Nan take ta amince. Sun zauna shekara arba'in da ɗaya, Allah ya albarkace su da 'ya'ya uku.

Sana'a

Ta gaji shagon a 1970, kuma tun daga lokacin iyaye suka riƙa kawo mata shawarar haɗa 'ya'yansu. Ita dai ba ta tambayar asali ko albashi, ba ta kuma taɓa tilasta wa kowa ba. Labulen nan kawai take ciro wa mutum biyu, ta koma kan kekenta tana kallonsu ta gefen tabarau. Aure talatin da biyu ta haɗa a haka.

Batun Auta

Autanta ya karanci ilimin zamantakewa har ya zama malamin jami'a, yana koyar da cewa zuciya na karkata ga wanda ya yi kama da mutum a ilimi da hali, da wanda ke kusa, da wanda ido ya saba gani. Ya rubuta wa kansa sharuɗɗa goma sha huɗu a takarda, ya kai shekara talatin da takwas babu wadda ta cika su. A 2008 hawan jini ya kwantar da Inna, shekara huɗu bayan rasuwar maigidanta, kuma ba ta da sauran buri sai ta ga auta da iyali kafin ta tafi.

Wata safiya ta ce masa, "Farfesan gida, ka koya wa ɗalibai dubu yadda ake zaɓe, kai kuma kana cin abinci a tsaye kai kaɗai."

Ya ce, "Inna, a kimiyyance ake bin abin."

"To zo ka kama mini wannan a kimiyyance."

Ɗaya gefen labulen kuwa yana hannun wata ma'aikaciyar jinya da ke zuwa daga asibiti tana auna jinin Inna, wadda sharaɗi uku kacal ta cika. Sau huɗu suna ninkewa yana karkacewa. A na biyar matar ta ce, "Malam, anya ba labulen ba ne?"

Ya ce, "Ni ma shi nake zargi." Suka sa dariya.

Bayan wata bakwai yana neman dalilin kai mahaifiyarsa asibiti ko da ba ranar ganin likita ba ce, don dai ya ga ma'aikaciyar jinyar, aka ɗaura musu aure a 2009.

Rasuwa

Allah ya yi wa Inna rasuwa a shekarar 2011, tana da shekara saba'in, aka yi mata sutura, aka binne ta kusa da maigidanta. Da ake raba kayanta, auta ya ɗauko tef ya auna labulen, ya tarar gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo da faɗin tafin hannu, babu mai iya ninke shi daidai. Shi ne yankanta na farko tana 'yar koyo. Ashe ba ninkin take kallo ba, wanda za a ɗora wa laifi take sauraro.

Ta bar babbar 'yarta a kan keken shagon, da na tsakiya direban jirgin ƙasa, da jikoki tara. Auta na nan da matarsa da 'ya'ya biyu, kuma duk shekara da labulen yake shiga ajinsa na farko.