Wa Zai Yi Mini Sara Bana, Dogo?

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, da hantsi, 'yarka ta fari ta yi sallama a ƙofar gidana, ta ce, "Baba Gajere, abokinka ya cika." Na zauna a bakin ƙofa ina kallon gabas, inda hadari ya fara haɗuwa.

Dogo, gonarka da tawa iyaka ɗaya ce, kuma tun muna samari ba mu taɓa sa-in-sa a kanta ba. Mutane sun san ka da noma, ni kuwa na san ka da iyali. Da idon matarka ya raunana, ba ka ƙara fita gona ba sai ka cika mata randa, ka ajiye mata buta inda hannunta zai kai. Na tsokane ka na ce ka zama yaron gida, ka ce, "Ta ɗebo mini ruwa fiye da shekarun da za ka iya ƙirgawa, bari in rama."

A gefen gonarka ka ware wa kowane ɗa kunyarsa tun ranar da aka haife shi. Suka girma, aiki ya kwashe su zuwa birni, amma ba ka fasa shuka kunyoyin ba. Da kaka kana ɗaure amfanin kowacce daban, ka aika wa mai ita. Na ce maka kuɗin mota ya fi hatsin tsada. Ka yi dariya ka ce kai ba hatsi kake aikawa ba, tuna musu kake yi suna da wurin dawowa.

Shuka aikin mutum biyu ne, ɗaya yana gaba da sungumi yana sara rami, ɗaya yana biye yana zuba iri yana rufewa da dunduniya. Da gidajenmu suka yi shiru, sai muka haɗa hannu: yau gonarka, gobe tawa. Kai ne a gaba kullum. Takunka mai faɗi ne, ina binka ina haki ina mita, kana cewa, "Gajere, gero ma yana son wurin miƙe ƙafa."

Bayan an watse daga zaman makoki na ji 'ya'yanka suna shawarar sayar da gonar. Ban ga laifinsu ba, don nesa ta yi nesa. Na roƙe su damina ɗaya kawai, suka amince. Mahaifiyarsu ta lalubo irin da ka zaɓa tun bara, wanda ka rataye a ɗakinka, ta miƙo mini.

Jiya ruwan shuka ya sauka. Na ɗauki sunguminka na sara layi har ƙarshe, na dawo na bi shi da iri, babu kowa gabana, babu kowa bayana. Da na waiwaya sai na ga ramukan sun matsu, takuna ne ba naka ba. A nan kukan da ban yi ranar jana'izarka ba ya zo mini. Na yi kewarka, Dogo, kuma ban san da wa zan yi mita ba yanzu.

Kunyoyin yaran na fara shukawa. In Allah Ya kai mu kaka zan ɗaure wa kowa nasa, amma ba zan aika ba. Wanda yake so ya zo ya ɗauka da hannunsa, ya tsaya inda ubansa ya tsaya, sannan ya yanke shawara.

Ina yi wa matarka, 'ya'yanka da jikokinka ta'aziyya, Allah Ya ba su haƙuri. Allah Ya jiƙanka, Ya yafe kurakuranka, Ya yalwata kabarinka kamar yadda kake yalwata wa shuka wuri. Ka sake yin gaba kamar kullum. Allah Ya sa in na biyo ka in cika da imani. Amin.