Farar Rigar Mai Faci

Kai da kake ta rawar kai za ka tafi makarantar katikis, ka taɓa jin labarin Mai Faci? Ina za ka ji, lokacin ko uwarka ba a haifa ba. To ajiye wayar nan ka juyo, ni ba na yi wa ƙeya magana.

Mai Faci maƙwabcinmu ne, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Rumfarsa na bakin titi, kwano huɗu a kan itace, da benci mai ƙafa uku da dutse. Ga famfo, ga sifana, ga gwangwanin sholisho, ga wani tsohon baho da ruwansa ya yi baƙi, nan yake tsoma robar taya yana neman inda take huci. Dogo ne, har ya ɗan ranƙwafa. Allah ya ba shi murya, kuma ya iya karatu, abin da yawancinmu ba mu iya ba.

Cocinmu a lokacin ƙarami ne, ba mu da Fada namu. Daga ƙetaren kogi yake zuwa, in ya samu hali. Da damina kuwa, in ruwa ya hau kan gada, sai dai mu yi ta zuba ido. Shi ya sa Fada ya ce a ba shi mutum ɗaya ya tura makarantar katikis, wato mai taimakon Fada, kowa ya nuna Mai Faci. Ya rufe rumfa ya tafi shekara biyu. Matarsa ta yi ta wankau a gidajen mutane har hannunta ya tsage, don yara su ci.

Ya dawo da akwatin littattafai, da tabarau, da farar riga har ƙasa. Ranar Lahadin farko ya tsaya gabanmu, da bakinsa ya faɗa:

"Zan koya muku, zan ja addu'a, zan binne mamaci, in jariri na bakin mutuwa zan yi masa baftisma. Amma abu biyu ba nawa ba ne. Ba na tsarkake gurasa a bagade, ba na kwance wa mutum zunubi. Wannan sai Fada."

Ka ji ko? Ya sani. Kada wani ya ce maka rashin sani ne.

Kuma ya iya aikin, gaskiya dai gaskiya ce. Mutum zai kawo keke faci, ya zauna a bencin nan, kafin iska ta shiga taya ya zazzage masa cikinsa kaf. Ya ce a makaranta an koya musu kada ka riga mutum isa ƙarshen maganarsa. Sai ya yi ta goga roba yana "uhm, uhm", can ya jefa tambaya ɗaya, sai ka ga ƙato yana share ido.

Daga nan aka fara ce masa Ƙaramin Fada. Da fari yakan ce, "A'a, ku bari." Can ya koma murmushi kawai. Can kuma sai aka ji yana amsawa. Ranar Asabar yakan zauna da sabulu da tsinke yana fitar da baƙin mai daga farce. Matarsa takan leƙo ta ce, "Ƙaramin Fada, ga ƙananan fadanninka nan sun ce yunwa suke ji." Mu yi ta dariya ta bayan katanga. Shi ma ya yi, amma ba har ciki ba.

To sai Iya ta kwanta, uwar kakanka, surukata. Mace ce mai zafi, ba ta taɓa sunkuyar wa kowa da kai ba. Abu ɗaya ne ke sa ta yi shiru: in an ambaci babbar 'yarta, Yaya, wadda ta fita daga gidan tun kafin a kawo ni, ba ta sake waiwayowa ba. Ba wanda ya san abin da ya fitar da ita. In an tambayi Iya, sai ta tashi ta ba ka wuri.

Damina ce, ruwa ya cinye gada. Kakanka ya hau keke ya je bakin kogi don kiran Fada, ya tsaya yana kallon ruwa, ya dawo jiƙe sharkaf. Da la'asar numfashin Iya ya fara sarƙewa, ta ce a kira mata Ƙaramin Fada. Ya shigo da farar rigarsa, ya tattare ta a hannu saboda taɓo. Ɗakin duk warin magani, gadon ƙarfe na ƙara in ta motsa, ga gicciye rataye a ƙusa. Ta ce kowa ya fita.

Da ya ga ta fara alamar gicciye, ya gane inda ta dosa. Ya ce, "Iya, tsaya, ni fa ba..."

Ta ce, "Rufe min baki. Na san ka tun kana goye. Ba ni da numfashin gardama."

Ta damƙe masa hannu, ta fara. Ta daɗe tana magana, tana hutawa, tana ci gaba. Da ta gama ta ce, "To, kwance ni."

Ya san abin da zai yi. An koya musu. Kamata ya yi ya ja ta su yi addu'ar tuba tare, ya gaya mata jinƙan Allah ba ya jiran gada. Maganar tana kan harshensa. Amma ga idon tsohuwa a kansa, tsoro fal a ciki. Kuma ban da tausayi akwai wani abu, shi ya gaya min da kansa daga baya: wani daɗi ne ya taso masa a ƙirji, wai yau Iya, Iyar da ba ta ganin kowa da gashi, ita ce ke kallonsa kamar Fada. Sai ya ɗaga hannu.

Ni kuma na taho da ruwa a kofi, iska ta ɗaga labule. Na ga hannun a sama, ranar ba Asabar ba ce, baƙin mai na nan a farcensa. Na ji ya ce, "Na kwance ki daga zunubanki, da sunan Uba, da na Ɗa, da na Ruhu Mai Tsarki." Yana sauke hannu muka haɗa ido. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta zube haka ba.

Kafin rana ta faɗi Iya ta cika, fuskarta a sake kamar ta jariri.

Wajen zaman makoki kakanka sai godiya yake. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ya ce masa, "Uwata ta tafi da tsarki, Ƙaramin Fada ya yi mata komai." Shi bai san bambanci ba, yawancin mutane ma haka. Kowace godiya kamar an ɗora wa Mai Faci garwashi a tafin hannu. Shi ya binne ta, murya na rawa, aka ce tausayi ne. Ya daina cin abinci. In ya hango ni a bakin famfo sai ya canza hanya, babban mutum da shi, yana gudun yarinya. Ni dai ban ce wa kowa uffan ba. Amaryar gida ce ni, wa ya aike ni?

Da ruwa ya janye, Fada ya zo. Ko kashe mota bai yi ba, Mai Faci ya tare shi, da kayan aikinsa a jiki, farar rigar a ninke a hammata. Suka shiga ɗakin da ake sa kayan Misa, suka daɗe. Da aka gama Misa ya fito gaba, ba wanda ya tilasta shi, ya tsaya a inda ya saba tsayawa. Ya ce:

"Jama'a, ni ba Fada ba ne, ko ƙarami. Abin da na yi wa Iya ba ni da ikon yi. Na sani, na kuma yi."

Kakanka ya miƙe, ya ce, "To uwata tana ina yanzu?"

Fada ya ce masa wanda ya tuba da dukan zuciya, ya nemi Fada bai samu ba, Allah ba ya maido shi daga ƙofa. Ya ce laifin ba na Iya ba ne. Amma kakanka bai ji ba. Shi dai abin da ya tsaya masa a rai, ya yi ta yabon jabu a gaban mutane.

Fada ya kai maganar gaba, aka dakatar da Mai Faci. Bayan ya yi tuban da aka ɗora masa, aka ce ana iya maida masa rigarsa, in dattawan coci sun yarda, in kuma gidan mamaciya sun yafe. To kakanka shi ne gidan mamaciya, kuma yana cikin dattawan. Rigar tana hannunsa ke nan.

Wata safiya suka je rumfar, shi da ƙanensa Direba. Ina shara a ƙofar gida, duk a kunnena. Mai Faci na tsugune gaban baho. Kakanka ya ce:

"Malam, ba faɗa ya kawo mu ba. Kai ka ce kai ba Fada ba ne."

"Haka ne."

"To bakin Fada ne a ɗaure, naka a sake yake. Gaya mana abin da Iya ta faɗa. Ta yi maganar Yaya? Me ya fitar da ita? Tana raye? Ka gaya mana, Lahadin nan da hannuna zan sa maka rigarka."

Kada ka ga laifin kakanka. Tun yana yaro yake neman 'yar'uwarsa, kowace tasha ya shiga sai ya duba fuskar mata.

Mai Faci bai ɗago ba. Ya ci gaba da juya roba a ruwa. Can ya ce, "Ta ba ni ajiya tana zaton Fada take ba. Na cuce ta sau ɗaya. Ba zan ƙara ba."

Direba ya ce, "Ji min ɓarawo da tsoron Allah! Ka saci aikin Fada, yanzu kuma za ka saci sirrin uwarmu?" Ya sa ƙafa ya shure bahon, baƙin ruwa ya wanke wa Mai Faci gaba. Ko gogewa bai yi ba. Ya ɗauki bahon, ya je famfo ya sake cikawa.

Wadda ta fi ƙona masa rai matarsa ce. Ta bayan katanga na ji ta, ba da ihu ba, a hankali. "Dubi hannuna. Don rigar nan ya zama haka. Matacciya ka zaɓa ka bar mu?"

Haka rigar ta tafi. Aka kawo wani sabon katikis, aka ba shi ita, ta yi masa tsawo, sai da tela ya rage. Mai Faci ya koma bencin ƙarshe, bakin ƙofa, inda masu makara ke raɓewa. In ana karɓar Jibin Ubangiji shi ne na ƙarshe a layi, kai a ƙasa. In sabon katikis ya yi tuntuɓe a karatu, sai ka ga leɓen Mai Faci ya motsa, ya yi sauri ya kama bakinsa. Matasa in za su wuce rumfar sai su ce, "Ƙaramin Fada, sa wa tayata albarka!" Ya ce, "Kawo in sa mata iska dai."

Mutane ba su daina zuwa bencin nan da damuwarsu ba, amma yanzu kafin ka buɗe baki sai ya ce, "Ka san ni mai faci ne ko?" Sai ka ce ka sani, sannan ya saurare ka. Kakanka kuwa har ya koma ga Allah, in tayarsa ta sace, gara ya tura keke har wancan ƙarshen gari. Katanga ɗaya, ba gaisuwa. Ranar da aka binne shi, Mai Faci ya zo, ya tsaya can nesa bayan mutane, hularsa a hannu.

Shekaru suka ja. Matarsa ta riga shi. Wata rana da hantsi 'yarsa ta leƙo ta ce Baba na kira. Na same shi a kwance, dogon nan ya koma kamar sanda. An riga an aika wa Fada, yanzu gadar siminti ce, amma wai ya tafi wani ƙauye. Ya dube ni ya ce, "Amarya." Haka yake kirana, da furfurata da jikokina.

"Kin gani ranar nan."

Na ce, "Na gani, Malam."

A nan ne ya gaya min maganar daɗin nan da ya ji a ƙirji. Ya ce da tausayi ne kaɗai, da ya daɗe da ɗaga kai. Yana faɗa yana kallon bango, kunya ba ta bar shi ya dube ni ba, bayan duk shekarun nan.

Bakina ya yi ƙaiƙayi in tambaye shi maganar Yaya, duk waɗanda abin ya shafa sun tafi. Ya gani a idona. Ya yi 'yar dariya har ta sa shi tari, ya ce, "Har ke, Amarya?"

Numfashinsa ya fara sama-sama, ba ƙarar mota. Ido ya raina fata, na ga irin tsoron da na gani a idon Iya. Zuciyata ta karye, na ce, "Malam, ai Allah ya riga ya..."

Ya ɗaga yatsa ɗaya, baƙin man nan bai taɓa fita daga farcen ba. Ya ce:

"A'a, Amarya, kada ki tausaya min irin wannan tausayin. Mu yi addu'ar tuba tare. In Fada bai iso ba, riƙe min hannu kawai."