Samirar da Ban Mayar Ba

Shekarar da ambaliya ta cinye fadamar Gulma, ta haɗa da jarina. Sana'ata gumi ce: in sayi shinkafa da ƙaiƙayinta, in turara, in shanya, in kai inji, in auna wa matan unguwarmu Badariya. A wannan shekarar sai kwaɗayi ya kama ni, na biya manoma kuɗi tun shinkafa tana kore a gona, wai don in same ta da arha da kaka. Kuɗin kuwa ba nawa ba ne duka. Na kwashi adashi, na karɓi buhuna bashi wurin wani dillali a Argungu, na kuma ranta wurin maƙwabciyata. Ruwa ya zo ya shafe komai. Ban gama kukan wannan ba aka rage ma'aikata a kamfanin da maigidana ke aiki, sunansa na ciki.

Maƙwabciyar tawa ma'aikaciyar jinya ce, Kirista daga Filato, katanga ɗaya ta raba mu. Yaya take ce mini. Da Sallah ni ke aika mata tuwo da nama, da Kirsimeti ita ke aiko mini dafa-duka da kaza. Kazar ma maigidana take kawo wa ya yanka, don kada mu ji wani ɗar. Ranar da na haihu da wahala, ita ta riƙe ni har asibiti.

To, masu bashi suka taso mini. Dillalin nan kowane mako sai ya hawo babur daga Argungu, ya jingine shi a ƙofar gida, ya ɗaga murya yadda duk layin zai ji.

"Hajiya, ni kuɗɗina nika so! Ba ni tahiya yau sai da su!"

Hajiyar da ko Sakkwato sau ɗaya ta taɓa zuwa! Uwar adashi kuwa sallamarta daga tsakar gida take farawa, idonta na yawo kan kayan ɗakina. Firij ya tafi, keken ɗinki ya bi shi, awakina ma aka ja su kasuwa suna kuka. Duk wanda ya fi ƙarfin murya shi nake fara ba.

Maƙwabciyata ko sau ɗaya ba ta ta da zancen ba. Wallahi shirun nan nata ya fi ihun dillali ci mini rai. Na fara kauce mata. In zan fita sai in bi ta lungun baya, in ta yi sallama sai in yi lamo a ɗaki kamar ba kowa.

Kirsimeti ya zo, sai ga samirarta mai furanni, cike da shinkafa da kaza, ta miƙa wa maigidana a ƙofa. Yarana suka ci har da suɗe hannu, don sun daɗe ba su ga nama ba. Aka wanke samira. Mu a wurinmu ba a mayar da kwano fayau, ko gyaɗa ce, ko ɗan sabulu, sai ka saka wani abu. Ni kuwa ko gyaɗar ba ni da ita, kuma ina zan aika wa mai bina dubbai da ƙulli ɗaya na gyaɗa? Sai na rantse a raina samirar nan ba za ta koma ba sai da kuɗinta a ciki. Na ɗora ta bisa kabad. Ka ji wauta!

Sallah ta zo ba mu yi layya ba, ban aika komai ba. Wata rana muka yi kiciɓis da maƙwabciyar tawa a bakin famfo, ba hanyar gudu.

"Yaya, na yi miki laifi ne?"

"Haba, laifin me? Hidima ce ta yi yawa."

Na ɗauki bokitina rabi na yi gaba, ban ko waiwaya ba.

Bayan nan na tafi Argungu wurin mahaifiyata na kwana biyu, ina neman wanda zai roƙar mini dillali ya saurara. Na dawo na tarar da kwaɗo a ƙofar maƙwabciyata. An yi mata canjin wurin aiki, ta kwashe. Maigidana ya ce ta zo sallama, ta daɗe a tsaye a zaure.

"Me ta ce?"

Ya yi ta kame-kame kafin ya faɗa. "Ta ce kuɗin nan tun ranar ambaliya ta yafe. Ta ce amma in wani ne ya hure miki kunne kan abincinsu, da kin gaya mata, da ba ta aiko ba."

Innalillahi! Ashe abin da ta ɗauka ke nan. Ni ina ɓoye kunyar talauci, ita tana ganin ƙyamarta na fara yi, har kwanonta ba na son ya sake shiga tsakaninmu.

Na kira ta a waya ina kuka, na yi bayani. Ta ce ba komai, Allah ya rufa asiri. Muryarta lafiya lau, irin wadda take gaida majinyata da ita. Ba ta ce Yaya ba.

Yau na biya dillali, na biya uwar adashi, har gaisawa muke yi a biki. Samirar tana nan bisa kabad. Duk Kirsimeti sai na sauko da ita na wanke, na mayar.