Yaya da Fankar A-kori-kura

A-kori-kurar da mahaifinmu ya bari mu biyu muka gada, ni da yayana. Ni nake tuƙa ta, don shi bai taɓa koyo ba, amma duk abin da ya shafi inji maganarsa ce a gaba. Ya taɓa zaman wata uku a garejin wani abokinsa a Kano tun yana saurayi, kuma har yau da wannan wata ukun yake yanke mana hukunci.

Wata bazara motar ta fara zafi. A kan kwalta lafiya lau take, amma da na sauka hanyar Gude da lodin harawa ina tafiya a hankali, sai allurar geji ta haye. Sau biyu na tsaya gindin ɗorawa ina jiran lagireto ya huce, shanunmu kuwa suna Unguwar Tudu ba su ci komai ba.

Muka kai ta wurin wani dattijon bakanike a Kabo. Ya bar injin ya ɗau zafi, ya naɗe kwali ya kara wa fankar a hankali, sai ta tsaya cak. Ya yi mana bayani cewa irin wannan fankar akwai wani mai mai kauri a cikin kanta. Shi yake kama ta ta juya da ƙarfi in inji ya yi zafi, ya sassauta mata in ya huce. Tamu man ya tsiyaye, sai dai a sa wata.

Yaya ya ce sam. A ganinsa dabarar 'yan kasuwa ce kawai. Aikin fanka juyawa ne, a yi mata walda ta riƙa juyawa kullum. Dattijon ya ce ba da hannunsa ba. Na roƙi Yaya mu bi maganar mai sana'a, sai ya tuna min cewa shi ya goya ni ina jariri. Ban ga abin da ya haɗa goyo da fanka ba. Yaya ya sami mai walda a Gwarzo aka liƙe ta.

Sati biyu motar tana ruri kamar injin niƙa, ƙarfinta ya ragu, ga shan mai. Daga ƙarshe a hanyar Dugabau fiffike ɗaya ya ɓalle ya tsaga tiyon ruwa. Na yini a rana kafin na sami wanda ya jawo ni gida. Yaya ya ce tuƙina ne ba kyau.

Duk da haka ya yarda aka sayo wata fankar. Amma kunya ta hana shi komawa Kabo, ya ce a ƙofar gida zai kwance tsohuwar da kansa. Tun hantsi yake murɗa notin da ke riƙe da ita zuwa hagu, ni ina riƙe da ɗaya sifanar, har ya zura bututun ƙarfe ya hau kai da nauyinsa. Ko motsi notin bai yi ba. Da tafin hannuna ya yi kanta, na zame bayan gida na kira dattijon a waya.

Ya zo a kan babur wajen azahar. Ya gaisa da Yaya gaisuwa mai tsawo, bai ko ambaci walda ba. Ya sa sifana, ya buga ta zuwa dama, notin ya saki.

"Alhaji, wannan notin bahago ne," in ji shi. "Duk ƙarfin da ka sa, ƙara ɗaure shi kake yi."

Ya ɗaura sabuwar, ya canza tiyo. Kafin a tayar da inji ya sa ni na juya ta da hannu, na ji tana ɗan turjewa, ya ce haka ake so. Aka tayar, ta yi ƙugi kaɗan sannan ta lafa. Ya ce mu bar injin ya yi zafi, zai yi salla ya dawo ya gwada, kada kowa ya taɓa.

Na je ɗebo ruwan da za a ƙara a lagireto. Ina dawowa na hango Yaya ya naɗe wasu takardu ya miƙa wa fankar. Nan take ta yi kaca-kaca da su, guntaye suka tashi har kan hularsa.

"Ka gani? Ta kama," ya ce min, yana murmushi.

Na tambaye shi inda ya samo takardun. Ya nuna aljihun gaban mota. Takardun motar ne, duka, har da wadda ke ɗauke da sunan mahaifinmu.

Na ajiye bokitin, na durƙusa ina tsintar abin da ya rage. Dattijon ya dawo ya tarar da ni ina zaro guntaye daga jikin lagireto. Ya yi salati a hankali, ya ce gaskiya fankar lafiyayya ce.

Motar ta daina zafi, amma wata guda ban iya fita da ita kan kwalta ba. Sau uku na je Kano kafin aka sabunta takardun. Kwana biyu ban shiga sashen Yaya ba, sai da Inna ta aiko aka kira ni ta ce in je in gaishe shi. Na je na same shi yana ba baƙi labarin yadda ake gane fanka mai kyau.