Darma ta Uku

Mako biyu ke nan da ƙanƙarar da ta rufe tafkin Satpara, can cikin tsaunuka, ta narke, yau kuma Shujat mai kwale-kwale ya ɗauko wani dattijon da bai taɓa gani ba. Hular ulunsa ta koɗe, leɓɓansa sun tsattsage don sanyi, shayin gishirin da aka zuba masa ya huce a gefensa. Masu zuwa farautar manyan kifin tirawut surutu gare su da son hoto. Wannan kuwa idonsa na kan zaren fatsar da ke biye da jirgin. Shujat yana zaton tsohon soja ne.

Sai ya ga dattijon yana ɗaura wa zaren darma ta uku.

"Haba Baba, yanzu manyan suna sama-sama. Da wannan nauyin ai ƙasa kake shara, ƙugiyarka maƙalewa za ta yi."

"So nake ta maƙale," in ji dattijon, ko waiwayowa bai yi ba. "Ɗana yana ƙasan nan tun kafin ruwan ya daskare. Tuƙa a hankali."

Shujat ya rage gudu. Can sandar fatsar ta lanƙwasa, amma babu wanda ya yi murna.