Ranar da na ce wa Baba ruwa ne

Shekara goma sha ɗaya ke nan da aka kai Baba makwancinsa a Jabal Awliya, kuma har yau in na ga fara, ko guda ce a jikin bango, sai gabana ya faɗi. Makon jiya 'yata ta miƙo mini wayarta a tsakar gidanmu na unguwar Alsawra a Omdurman, tana zuba Hausa tana haɗawa da Larabci, wai in ga abin mamaki: a wata ƙasa taron ƙwari ya fito a na'urar duba yanayi tamkar hadari. Na karɓa na kalla. Ni na taɓa ganin wannan abin mamakin da idona, kuma dawar mahaifina ce ta tafi a kansa.

Baba ya ƙare ƙuruciyarsa yana tsinkar auduga a gonakin mutane a Jazira. Sai da ƙarfi ya fara ja baya ya samu ɗan fili kusa da Farin Nilu, ya ce ko taku goma ne, wannan dai nasa ne. Bai yi boko ba, amma ya tsaya kai da fata sai da na yi, har na samu aiki a wani ofishin hasashen yanayi a Khartoum. Ina zama gaban allon rada, na'urar da ke aika igiya cikin iska, duk abin da ta buga a sama ya dawo ya fito a allo kamar tabo. Tun ranar da na fara aikin sunana ya ɓace a bakinsa. Bashmuhandisa yake kirana, wato babbar injiniya, alhali ni ce ƙarama a ofishin. A wurin mai shayi kuwa cewa yake 'yarsa ce ke ba jirage izinin tashi. Na gaji da gyara masa na ƙyale.

A ƙarshen wata damina, dawarsa saura kwana kaɗan ta gama nuna, ya kira ni da hantsi. Ya ce iskar ba ta yi masa ba, babu ƙanshin ƙasa a cikinta, ga shirwa sun taru ta gabas suna ta shawagi. Fara ce ke tafe. Har ya kira nafir, gayyar da maƙwabta ke taruwa su yi wa mutum aiki, Inna ta ɗora tukunya, za su yanke dawar a yadda take. Ni kuwa ga tabo a allona, ƙato, yana gangarowa daga gabas.

Na ce, "Baba, ruwa ne, ina kallonsa a gabana. In kuka yanke kuka zube a ƙasa, ruɓewa za ta yi."

Ina jin hayaniyar mutane a bayansa. Can ya ce, "To, Bashmuhandisa. Tun da kin gani."

Ya ciyar da mutanen ya sallame su. Bayan azahar wani dattijon abokin aikina ya leƙa allon, ya nuna mini yadda tabon ke tafe ƙasa-ƙasa yana bin iska, ya ce wannan ba hadari ba ne, na'urar ba ta san ɗigon ruwa daga fiffike ba. Wayyo, na yi ta kiran Baba. Lokacin da ya ɗauka, shi da Inna ne kaɗai a gonar suna buga garwa don korar fara, kowane maƙwabci ya ruga tasa. Kafin faɗuwar rana kara ne tsaye.

Bayan kwana biyu sai ga shi a ofis da ɗan buhu a kafaɗa. Ashe da asuba, lokacin da sanyi ke hana farar tashi, ya kwashe ta, Inna ta soya da gishiri da barkono. Ya ajiye a kan teburina, a gaban kowa, ya ce, "Ga ruwan naki, na tarar miki kaɗan." Ofis ya ɗauki dariya, kowa ya ɗiba. Ni ko ɗaya ban iya kaiwa baki ba. A ranin nan Baba ya koma ƙodago a gonar wani, da wannan bayan nasa mai ciwo, kuma ni na jawo.

Ban taɓa ba shi haƙuri ba. Duk lokacin da na ɗauko zancen sai ya tambaye ni yara. Abin da ya fi ci mini rai, damina na zagayowa ya sake kirana yana tambayar me allona ya ce, kamar ba a yi komai ba. Har ya rasu bai daina ba.

Yanzu an ce sababbin na'urori na gane siffar abin da suka buga, su raba ƙwaro da ruwa. Nakan tambayi kaina me zai ce. Na san zai fara da tsiya, ya ce sai yanzu ƙarfen ya kamo hancinsa, daga nan ya tafi wurin mai shayi ya rantse 'yarsa ce ta gyara. Abin da ban sani ba shi ne me zai ce da Khartoum ɗin yau. Yaƙi ya kore mu, mun dawo mun tarar da gida babu ƙyaure. Ban koma aikin ba, ban san wa ke noma filinsa ba, kuma tun da muka dawo babu wanda ya samu zuwa ya duba mana kabarinsa. Ina kewarsa, wallahi ina kewar mutumin nan.

Filin da dawar duk sun fita hannunmu. Abin da ya rage mini shi ne muryar mutumin da ya san gaskiya da hancinsa, ya ajiye saninsa don kada maganar 'yarsa ta faɗi a gaban maƙwabta.

Da na mayar wa 'yata wayarta, na ɗauki tobina, mayafin da muke naɗawa, na shiga kasuwar Omdurman, na yi ta tambaya har na samu wata tsohuwa mai soyayyar fara. Na sayi kofi guda, na zauna gefenta na cinye tas, hawaye na zuba, tana ta tambayata ko barkonon ne ya yi yawa. Na ce mata a'a, daidai yake. Baba, na ci.