Dankalin Cikin Toka

Ni ne ɗan fari a gidanmu, kuma tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin mahaifiyata ba. Lawali sunana. Duk unguwarmu a Kwatarkwashi da shi ake kirana, amma Inna in za ta aike ni sai ta dubi bango ta ce, "Wani shi ɗebo ruwa." Wanin nan ni ne. In baƙuwa ta tambaye ta lafiyata, sai ta sunkuyar da kai ta kamo wata maganar. Kowa ya san kunyar ɗan fari ce. Haka uwarta ta yi a Bilbis, haka matan unguwarmu ke yi, ni ma an sha gaya mini. Sai dai ni yaro ne mai riƙo, kuma ina da ido. Ina ganin yadda take zaunar da ƙanwata Dije a cinya tana yi mata kitso, tana kiran sunanta har da waƙa. Abin yana cina, ban kuwa taɓa faɗa wa kowa ba.

Tun da aka yaye ni aka mayar da ni ɗakin Kaka, mahaifiyar Baba, a can ƙuryar gidan. Tsohuwa ce mai baki, idanunta sun yi yana, ba ta gane mutum sai ya yi magana. Mijinta take ce mini. "Ku dubi mijin da Allah ya ba ni," haka take cewa a gaban mutane, "ba gona, ba akuya, sai ci." Ni kuma in ce na sake ta, ta ce ba ta karɓi sakin ba. A wurinta nake kwana, a kwanonta nake ci, kuma a raina na gama yanke hukunci cewa ita ce uwata.

Bayan an gama girbi, sanyi ya fara saukowa daga kan dutse, lokacin ne muke samun tatsuniya. Inna ta sauke tuwo, an ci, an yi sallar isha'i, sai mu ja tabarma kusa da murhunta mu ƙara kara a wuta. Kaka ba ta ba da tatsuniya kyauta. Za a dire kwaryar gyaɗa a tsakiya, kowa ya sa hannu yana ɓara, kuma da ta ji ƙarar ɓawo ta ragu sai ta yi shiru a tsakiyar labari. "Bakina da hannunku tare su ka tahiya," in ji ta. Inna ba ta taɓa shiga cikinmu ba. Tana can ƙofar ɗakinta, inda hasken wuta bai kai sosai ba, tana saƙar faifai.

Abin da na fi jira shi ne ƙarshe. In labari ya ƙare, Kaka takan ɗauki sandarta ta tona tokar gefen murhu tana cewa, "Bari in gani ko mutanen murhu sun bar ma mijina wani abu." Kullum sai ta turo dankali guda ɗaya, babba, ya gasu har ɓawonsa ya tsage. Nawa ne ni kaɗai. In na ga dama in gutsura wa Dije, in ban ga dama ba in cinye tana kallo. Na ɗauki wannan dankali a matsayin shaida: ga wadda ta san da ni a gidan nan.

Ina da shekara goma sha ɗaya ko makamancin haka na faɗo daga kan dutse wajen korar awaki. Gwiwata ta fashe, na shigo gida jini na bin ƙafata. Inna na daka tare da maƙwabta mata biyu. Na ga ta saki taɓarya, na ga ta ɗaga ƙafa za ta taho. Sai ta dubi matan nan, ta tsaya, ta sake ɗaukar taɓaryar ta ce, "Dije, kira Kaka." Ban san lokacin da maganar ta fito daga bakina ba. Na ce, "Ke ba uwata ba ta! Kaka ta uwata!" Matan nan suka dubi juna. Inna ta ci gaba da daka, sai dai na lura bugun ya rikice, ba ya tafiya daidai da na sauran.

Da Baba ya dawo ya ji, har ya cire bulala, Kaka ta tare ƙofar ɗaki ta ce a bar mata mijinta. Da maraice aka hura wuta kamar kullum, aka kawo gyaɗa. Ina gefe na miƙe ƙafa ina kumbura.

"Ga ta nan ta taho," in ji Kaka, "wa ka buɗe mata ƙohwa?"

Muka ce, "Mun buɗe, ta shigo."

Sai ta ba mu labarin zabuwa. Ta ce a zamanin da, shirwa ta gano cewa duk inda uwa ta fi yawan waiwaye, a nan abin da ta fi so yake. Don haka takan hau sama ta zuba ido kawai. Zabuwa ta yi ƙwanta na fari, ta rasa inda za ta ɓoye shi, sai ta lallaɓa cikin gari ta tura shi ƙarƙashin wata tsohuwar kaza. Kaza ta ƙyanƙyashe shi tare da nata. Ɗan zabo ya taso a akurki, yana ganin wata zabuwa na wucewa ta bayan danga kullum, ba ta ko dubansa. Aka ce masa ai uwarka ce. Ya ce wace irin uwa ce wannan? Amma kowace safiya yakan tarar da gara an tara masa a bakin akurki, ya ci ya ƙoshi, ya je ya gode wa kaza. Kaza kuwa ta yi shiru, don an roƙe ta kada ta faɗa.

Rannan ya fito bai ga gara ba. Kashegari ma babu. Ya tambayi kaza, ta ce, "Ɗana, ka taɓa ganin na je daji? Ƙafafun nan nawa ina za su kai ni?" Sai ya bi sawu ta bayan danga har bakin suri. A nan ya tarar da gashin zabuwa a warwatse, ga 'yar garar da ta tono ba ta samu kawowa ba. Ya hau itace yana kira, yana kira. Kaka ta ce shi ya sa har yau in rana za ta faɗi zabi ke hawa itace suna ta kuka, ba kuwa mai amsa musu.

"Ta tuƙe nan," in ji ta. "Wanda bai ji ba, barci ya cuce shi." Sannan ta juyo da fuska wajen da take jin numfashina. "Mijina, wa ad da laihi?"

Na ce, "Zabuwa mana. Mi ya hana ta hwaɗa mai?"

Kaka ta yi 'yar dariya wadda ba ta kai ciki ba. "To. Allah shi ba ka tsawon rai." Ta ɗauki sanda ta tona toka. Dankali na nan, har ya fi na kullum girma. Na ci abina ina harare-harare wajen ƙofar ɗakin Inna, ina jin na rama. Wallahi ko a mafarki ban kawo cewa labarin nan da ni ake ba.

Kaka ta rasu ina makarantar kwana a Gusau. Na gama karatu, na kama aikin koyarwa a nan, na auri Rabi, Baba ma ya bi bayan Kaka. Ba zan ce na yar da Inna ba. Duk abin da ake cewa ɗa ya yi wa uwa na yi, har mutane na yabona. Amma in na je gida, daga bakin ƙofa nake tsugunawa in gaishe ta, ta amsa tana kallon gefe, in tashi in fita zaure wajen abokai. Na mayar mata da irin abin da nake ganin ta yi mini, kuma ina sane. In zan tafi, Dije, wadda ke aure a unguwar, takan biyo ni da dankali gasasshe a faifai. In ce, "Dije ba ki mantuwa." Ita kuma ta yi murmushi ta kau da kai.

Wata Talata Dije ta buga mini waya. Ta ce Inna ba ta jin daɗi kwana biyu, ta kuma ce a tambaya ko mutanen Gusau na tafe. Mutanen Gusau. Har na yi tsaki a raina, na ce tsufa ya zo ma ba za a kira sunan mutum ba. Na ce zan zo Juma'a. Juma'a ta zo, wani abokin aikina na bikin suna, na zauna cin nama. Da Dije ta sake kira na ce mata hanya ba lafiya, a bari sai mako mai zuwa. Gaskiya ne akwai kwanakin da hanyar ba ta biyuwa, amma ranar motoci na ta wucewa, na sani. Daga Gusau zuwa Kwatarkwashi tafiyar da ba ta kai awa guda ba ce. Ranar Lahadi da hantsi aka kira ni cewa Inna ta cika.

Bayan mun dawo daga maƙabarta, mutane sun ragu, Dije ta ce in zo. Ta kai ni bakin murhun nan dai da na sani, ta sa kara ta tona toka. Wani baƙin abu ya gangaro, ya ƙone ƙurmus ya zama gawayi.

"Ran Juma'a tas sa shi," in ji ta. "Da rarrahe taz zo nan, na ce ta bari in sa mata, tac ce a'a. Da maraice ya yi na ce in hidda shi, tac ce a bar shi, mai shi na nan tahe."

Na ce, "Ba ke ka gasa min ba?"

"Ni? Yaya, tun kana ƙarami ita ta. Kaka da ba ta ganin ƙohwar ɗaki, ita ka zaɓen dankali? In Inna ta sauke tuwo ta ka binne shi, ta gaya ma Kaka inda shike. Ran da ka hwaɗo daga dutse ma, ita tac ce ma Kaka ta tare Baba kar shi buge ka. Ta hana mu hwaɗi. Tac ce kunya ta ka ji."

Na durƙusa a wurin na ɗauki gawayin nan, ya marmashe a hannuna. A lokacin ne, ina da furfura a gemu, na ji tatsuniyar zabuwa. Kaka ta faɗa mini komai, har da maganar ƙafafun kaza da ba sa zuwa daji, ina zaune ina cin shaidar da bakina, na kasa ganewa. Na yi kuka irin wanda ban yi ba ko a rasuwar Kaka, kuma kukan ba na rashi kaɗai ba ne, na kunyar kaina ne.

Na daɗe ina juya tambayar Kaka. Wani lokaci nakan ji haushin al'adar da ta ɗaure ƙafar mace ga ɗanta yana jini. Har yanzu ina ganin da Inna ta kira ni sau ɗaya tak, da abubuwa da yawa sun canza. Amma ita a haka aka raine ta, kuma a cikin wannan ɗaurin ta nemo hanyar da za ta isa gare ni kowane maraice. Ni fa? Ba wata al'ada da ta hana ni shiga ɗakinta in zauna. Ba wanda ya hana ni hawa mota ranar Juma'a. Riƙo ne kawai, na yaro ɗan shekara goma sha ɗaya, na goya shi har na girma.

Shekara guda bayan rasuwarta Rabi ta haifi mace, na sa mata sunan Inna. Kamar yadda ake yi, ba na iya kiranta da sunan, bakina ba ya ɗauka. Inna nake ce mata. Ina da 'ya'ya uku kafin ita, amma Allah ya sani ita ce in ta yi tari cikin barci nake fara tashi. Sai yanzu na san yadda suna ke yi wa mutum nauyi a baki saboda girman abin da ke zuciya.

Kwanakin baya, tana da shekara shida, ta same ni a tsakar gida ina tura dankali cikin tokar kurfotin gawayi. Ta tsaya tana kallona, sannan ta ce, "Baba, don me kake kiran sunan kowa ban da nawa? Ba ka sona ne?"

Ban ba ta tatsuniya ba. Na ɗora ta a cinya na gaya mata kai tsaye: sunan uwata ne da ita, ina jin nauyinsa, kuma ina sonta fiye da yadda bakina zai iya faɗa. Ta ce to, ta sauka ta koma wasanta. Duka maganar ba ta kai minti biyu ba. Na zauna ina kallon tokar, ina tuna cewa Inna ta yi shekara arba'in a ƙofar ɗakinta, ban taɓa zuwa na yi mata wannan tambayar ba.